Duniyar Ma'aurata: Manya sun ci amana, yaro ya kwana a ciki

Silin gashi guda ɗaya ne mafarin komai. Wata likita mai suna Ji Sun-woo, wadda duk garinsu ake kwatance da zaman gidanta, ta gan shi maƙale a jikin mayafin wuya da mijinta ya ba ta. Launinsa ba irin na gashinta ba ne. Ta so ta share zancen, zuciyarta ta ƙi. Kafin kashi na farko ya ƙare, ta buɗe but ɗin motar mijin a ranar da ake bikin zagayowar haihuwarsa, ta tarar da wata waya da ba ta san da ita ba. A cikin wayar akwai hotunansa da wata budurwa a wurin yawon shaƙatawa. Abin da ya fi daskarar da ita shi ne sauran fuskokin da ke cikin hotunan: aminiyarta da suke aiki asibiti ɗaya, da maƙwabtanta mata da miji, mutanen da a daidai wannan lokaci suke cikin taron bikin suna yi mata murmushi. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan shi ne buɗin shirin nan mai dogon zango na ƙasar Koriya ta Kudu, The World of the Married, wato Duniyar Ma'aurata. Tashar JTBC ce ta nuna shi daga 27 ga Maris zuwa 16 ga Mayu, 2020, kashi 16, daren Juma'a da na Asabar. In kun tuna, a cikin watan Maris ɗin nan ne aka rufe makarantu a Najeriya saboda korona, lokacin da yawancinku kuna firamare. A kashi na ƙarshe, sama da 28 cikin 100 na gidajen da ake auna kallonsu a Koriya shi suke kallo, abin da wani wasan kwaikwayo bai taɓa samu ba a tashoshin da ake biya a ƙasar. Kim Hee-ae ce ta fito a matsayin likitar, Park Hae-joon ya fito a mijinta Lee Tae-oh, sai Han So-hee a matsayin budurwar, Yeo Da-kyung.

Tun kafin mu yi nisa bari mu faɗi wata gaskiya: ba fim ɗin yara ba ne. A can Koriya ma kusan dukkan kashe-kashensa an sa masu alamar sai ɗan shekara 19, saboda akwai duka da zubar da jini da wuraren da bai kamata ku gani ba. Ba muna tura ku nemansa ba ne. Amma kuma ba za mu yi kamar ba mu san halin da ake ciki ba. Yayyenku sun sha kwana kallon Jumong a faifai, ku kuwa ko faifan ba ku buƙata: ga rumfar mai cajin waya da tura fina-finai, ga 'yar mimori, ga Xender da ƙawa ke tura wa ƙawa a bayan aji. Daga Zango zuwa Daura, daga Ɓaure zuwa Mai'aduwa, labarin fim ya fi motar haya saurin isa. Tunda haka ne, gara mu zauna mu tattauna labarin tare, don akwai wani a cikinsa da yake sa'anku, kuma shi ne wanda masu kallo suka fi mantawa da shi.

Labarin da ya ratsa ƙasashe

Asalin labarin ba na Koriya ba ne. Tashar BBC ce ta fara yin sa a Ingila a 2015 da sunan Doctor Foster, wanda Mike Bartlett ya rubuta, shi ma kuma ya ɗauko ruhinsa ne daga wani tsohon labarin Girka na wata mata mai suna Medea, wadda mijinta ya bar ta don 'yar sarki, ita kuma ta rama ta hanyar 'ya'yansu. Bayan Ingila, an sake yin sa a Indiya, a Turkiyya da sunan Sadakatsiz, a Filifin, har da na Larabci. Ko'ina aka kai shi sai ya zauna daram kamar a nan aka haife shi. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ba garin da ba a ƙulla amana, ba kuma garin da ba a cin ta.

Abin da ya biyo bayan wayar nan shi ne mafi yawan shirin. Dakta Sun-woo ta gano cewa ba zuciya kaɗai aka yaudara ba, har aljihu: mijin, wanda harkar fim ɗinsa ba ta tsinana komai, ya ci bashi a bayan idonta ya jingina dukiyar gidan. Budurwar kuwa 'yar wani attajirin garin ce, ga ta da ciki. A gaban iyayen yarinyar, a kan teburin cin abincinsu, likitar ta fasa ƙwai. Amsar da mijin ya bayar ta zama abin ba'a a duk faɗin Koriya, domin cewa ya yi shi bai ga laifi ba don mutum ya kamu da so. Aure ya mutu. Bayan shekara biyu ya dawo garin da amaryarsa da 'yarsu, ya yi kuɗi, ya shirya walima ya gayyaci kowa. Wutar da aka zaci ta mutu ta sake ruruwa.

Ba za mu ɓoye maku ba, ita ma likitar ba ta fita da farin kaya ba. Zafin ramuwa ya kai ta ga aikata irin laifin da aka yi mata, da mijin maƙwabciyarta, ta jawo wani gidan cikin gobarar. Masu kallo da yawa suna tafa mata duk inda ta juya, saboda ita aka fara zalunta. Mu dai a ganinmu, wanda aka zalunta yana da haƙƙi, amma haƙƙin nan bai zama lasisin zaluntar wani na uku ba. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wa zafin yake ƙonawa.

Joon-young

Sunansa Lee Joon-young, ɗansu tilo, ɗan ƙaramar sakandare. Da a Zango yake, da yana cikin masu karanta wannan shafi.

Yaron nan ya san abin da mahaifinsa ke ciki tun kafin manya su zaci ya sani, ya haɗiye. Roƙonsa ɗaya ne: kada a rabu. Da rabuwa ta zo, sai ya koma igiyar da ake ja, uwa na ja, uba na ja, kowa yana rantsuwa don shi yake yi. A wani wuri mai tayar da hankali, uwar ta bar uban ya zaci ta hallaka yaron, uban ya rufe ta da duka har jini, yaron kuma ya shigo ya gani da idonsa. Da wannan ta samu riƙonsa. Ta ci shari'a, amma ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ganin nan ya bari a cikin kan yaro.

Daga nan sai halinsa ya soma canzawa. Yaron da ba ya rasa komai ya fara ɗauke 'yan kayan abokan karatunsa yana tarawa, ba don yana buƙata ba. Ya yi dambe a makaranta. Ya riƙa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa a ɓoye, uwarsa likita ba ta sani ba, alhali a asibitin da take aiki ne. A nan ne muke ganin marubutan shirin sun yi aiki da lura. Yaron da gida ya yi wa zafi ba kasafai yake cewa "gida ya yi mini zafi" ba. Sai dai a ga makinsa ya zube, ko yana barci a aji, ko ya zama mai saurin hannu, ko yarinya mai surutu ta yi tsit zango guda. Malami ya ce ya lalace, 'yan aji su sa masa suna, bulala ta hau. Kowane ɗayanku, in ya yi shiru ya duba ajinsu, zai iya tuna wani da ya canza haka, kuma wataƙila ba wanda ya tambaye shi lafiya.

Jan yara cikin takarar manya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, yana nan har a labarin da muke alfahari da shi a wannan masarauta. Kun san yadda ake ba da shi: bayan Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu ya auri Daurama, ta ba shi kuyanga, Bagwariya. Kuyangar ta haifi ɗa aka sa masa Karɓagari. Da Daurama ta haifi nata, sai aka sa masa Bawo, wato a dawo da garin. Jarirai biyu da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, an ɗora masu saƙon iyayensu mata a goshi tun ranar suna. Nan gaba in malamin tarihi ya zo kan Hausa Bakwai, ku saurari sunayen da wannan kunne.

"Ai da a nan ne, da ya aure ta kawai"

Wannan ita ce maganar da za ku fara ji daga bakin duk Bahaushen da aka ba labarin shirin, kuma tana da inda ta dafa. A Koriya doka ba ta yarda da mace fiye da ɗaya ba. Har ma daga 1953 neman wani a bayan aure laifi ne da kan iya kai mutum kurkuku na shekara biyu, sai a ranar 26 ga Fabrairu, 2015 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, alƙalai bakwai suka rinjayi biyu, bisa hujjar cewa bai kamata gwamnati ta shiga ɗakin kwanan mutane da sanda ba. Abin da ya rage wa wanda aka ci amanarsa shi ne neman saki da diyya a kotu. Shi ya sa kuka ji likitar tana tara hujja kamar 'yar sanda. Shekara biyar kacal bayan soke dokar aka yi shirin, ƙasar ba ta gama muhawara a kai ba.

To amma a duba da kyau. Abin da Tae-oh ya yi ba shi da dangantaka da ƙarin aure. Aure a wurinmu abu ne na sarari: akwai waliyyi, akwai sadaki, akwai shaidu, a raba goro da alewa, maroƙi ya ɗaga murya duk unguwa ta ji. Shi kuwa waya ta biyu ya ɓoye a but, ya sa abokai suka riƙa rufa masa ƙarya, ya taɓa dukiyar da ba tasa shi kaɗai ba. Ko a Gosan ɗin shirin, ko a Zango, sunan wannan ɗaya ne.

Kuma ko auren an ɗaura shi da shaidu, ana iya cin amana a cikinsa. Ba sai mun je Koriya neman misali ba. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, matar wani ɗan kasuwa a Kano, Alhaji Abdu, wanda yake ƙuntata wa gida yana kashe kuɗi a waje. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe su. Daga baya gobara ta cinye masa dukiya, Delu ta nuna masa nata halin, sannan aka dawo ana matsa wa Rabi lamba ta karɓe shi. Littafin ya yi nisa har Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012.

Ku jera matan biyu. Sun-woo tana da digiri, da albashi, da lauya, da mota. Rabi tana da tukunya da murhu. Duk da haka tambayar da aka yi masu iri ɗaya ce: don me ba za ki yi haƙuri saboda yara ba? Ba wanda ya je ya tambayi mazan don me ba su yi gaskiya saboda yara ba. 'Yan mata masu karanta wannan shafi, ku lura da abu guda a labarin Rabi: abin da ya tsayar da ita a kan ƙafafunta sana'ar hannunta ce. Samari kuma ku lura cewa Alhaji Abdu da Tae-oh duk sun ɗauka suna da wayo, har ranar da aka wayi gari ba su da komai. In za mu ba da shawarar abin da za a kashe wa lokacin hutu, wannan littafi muka zaɓa. Da Hausa yake, kuma ba ya cin data ko caji. Shirin Koriya kuwa kowane kashi ya haura awa ɗaya, jimilla fiye da awa 16. Ɗan aji shida da WAEC da NECO ke gabansa ya yi lissafin darasi nawa ke cikin wannan.

Wanda ya gani ya yi shiru

Mu koma kan hotunan nan na cikin waya, don a nan tambaya mafi wuya take. Abokan likitar sun sani, sun yi shiru. Wasu ma suna kai wa mijin rahoton motsinta. Kowa ya kalli wannan zai ce munafunci ne, kuma haka ne. Amma shin ma'anarsa ita ce duk abin da ka gani ko ka ji game da gidan wani, ka ruga ka faɗa?

A'a. Addininmu ya sa wa wannan ƙofa sakata mai nauyi. A Suratun Nur, wanda ya jefi mace mai kamun kai da zargin alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce a kansa, kuma ba a sake karɓar shaidarsa. Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, ta hana yawan zato, da bin diddigin asirin mutane, da cin naman wani a bayan idonsa. Jihar Katsina tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, don haka wannan ba zancen littafi kawai ba ne. A fim, silin gashi ya kai ga gaskiya saboda haka marubuci ya so. A rayuwa, sau nawa hoto ɗaya da aka yanke, ko saƙon murya da aka tura a WhatsApp ba a san farkonsa ba, ya kashe auren da ba shi da laifi? A gari irin namu, inda kowa ɗan'uwan kowa ne ko surukinsa, magana in ta fita da safe, kafin la'asar ta tsallaka iyaka ta shiga Nijar, kuma ba mai iya kiran ta ta dawo.

Bambancin da muke so ku riƙe shi ne wannan. Laifin abokan Sun-woo ba rashin gulma ba ne. Laifinsu shi ne sun zauna a cikin ƙaryar, sun ci sun sha a cikinta, sun yi hoto, ba wanda ya ja abokinsa gefe ya ce masa ya ji tsoron Allah. Tsakanin baza magana a gari da taya mai laifi rufa-rufa akwai hanya mai faɗi, ita ce a fuskanci mai abin, ko a kai wa wanda yake da ikon gyarawa. Kuna da irin wannan a matakinku. Aboki ya ce ka riƙe masa wayar da iyayensa ba su san da ita ba. Ƙawa ta ce in an tambaya ki ce tare kuke wurin darasi. Ranar da ka ce to, ka shiga hoton.

In a gidanku ne fa?

Mun san cikin masu karanta wannan akwai wanda ba fim yake karantawa ba, gidansu yake gani. Da ku muke magana yanzu. Saɓanin Baba da Inna ba kai ka haddasa shi ba, kuma ba aikinka ba ne ka gyara shi. Kada ka yarda ka zama ɗan aike mai kai baƙar magana daga wannan ɗaki zuwa wancan, ko ɗan leƙen asiri mai bincika wayar ɗaya don ɗaya. In an ce ka zaɓi gefe, kana iya cewa cikin ladabi, "Inna, ku yi haƙuri, ku duka iyayena ne." Wannan ba rashin kunya ba ne.

Abin da Joon-young ya rasa, ku kuna da shi. Shi ɗa ɗaya ne a gidan mutum uku, uwarsa marainiya ce tun tana budurwa, kakarsa ta wajen uba kuma ta rasu ana tsakiyar rikicin. Ku kuwa akwai kawu, akwai gwaggo, akwai baffa, akwai kaka wadda in ta ɗaga murya har mai gida sai ya sunkuyar da kai. Suratun Nisa'i ma, da ta zo kan saɓanin ma'aurata, dangi ta nuna: a samo mai sulhu ɗaya daga ɓangaren miji, ɗaya daga ɓangaren mata. In abin ya fi ƙarfin zuciyarka, nemi ɗaya daga cikin waɗannan, ko malamin da ka amince da shi a makaranta, ka faɗa masa yadda kake ji. In kuwa ana duka har ana jin rauni, wannan ba sirrin da ake rufewa ba ne. A sanar da babba a ranar.

Yana da kyau kuma ku san haƙƙinku, don jahiltarsa na ƙara tsoro. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, in aure ya mutu uwa ce ta fi cancanta da renon 'ya'ya, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, matuƙar ba wani dalili da ya hana, kamar uwar ta auri wani bare. In hakan ta faru, kakar wajen uwa ce ke gaba a layi. Ci da sha da sutura kuwa suna kan uba, duk inda yaran suke. An saki uwa, ba a saki ɗa ba.

A kashi na ƙarshe, Tae-oh ya rasa komai. Amaryar ta gane cewa abin da ya yi wa ta farko yana kan hanyar yi mata, ta ɗauki 'yarta ta tafi, surukinsa ya janye kuɗinsa. Su uku suka zauna cin abinci, uban yana kuka yana roƙon a dawo kamar da. Da suka fito, ya nufi gaban wata babbar mota. Ta tsaya kafin ta take shi, sai ga uwar ta ruga ta rungume shi a tsakiyar titi. Joon-young yana tsaye yana kallon mutanen da suka yi shekaru suna yaga juna da sunansa. Ya jefar da wayarsa, ya juya, ya ruga da gudu.

Shekara guda uwar ta yi tana nemansa a gidajen da ake ajiye yaran da suka gudu daga gida. Rannan tana zaune ita kaɗai, sai ta ji ana danna lambobin ƙofa. Wani ya shigo, ta miƙe ta kira sunan ɗanta. Kyamara ba ta nuna fuskar mai shigowar sosai ba, sai inuwa dishi-dishi, a nan aka rufe shirin.